Sabon Kati a Tsohuwar Kwamfuta: Dabara Ce ko Gyaran Gangar Auzinawa?

A kan benci gardamar ta tashi, ƙofar shagon wani mai gyaran kwamfuta, bayan sallar la'asar. Ƙanena ne ya ɗauko tasa a bayan babur, ya naɗe ta da tsohon bargo saboda gargadar hanya. Kwamfutar tebur ce 'yar Beljiyom, irin siraran nan da ofisoshin Turai da Amurka ke gama yayinsu a lodo mana a kwantena, furosesarta Core i5-3470, zubin 2012. Da ita yake tace bidiyon biki da na walima, da ita yake ciyar da gidansa. To amma tun da masu ɗaukar hoto suka koma manyan kyamarori, da ya ɗora aiki sai hoton ya riƙa tsayawa yana fizga, fitar da bidiyon biki ɗaya kuwa yakan cinye masa dare. Ya yi tambaya wajen abokan sana'a, aka ce masa magani ɗaya ne, ya sayi katin girafik ya soka mata. Har ya soma ciniki da wani a kan RX 580 na hannu.

Mai gyaran dattijo ne, tun zamanin faifan fulofi yake cikin harkar. Ya kwance murfin, ya hure ƙura, ya leƙa ciki, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, ka bar tsohuwar nan ta ƙarasa kwananta da mutunci. Tara kuɗinka ka sayi wata."

"Baba, ai ga ramin nan. An ce kowane kati yana shiga."

"Shiga daban, aiki daban."

Ni rakiya ce ta kai ni, amma na koma gida da maganar a raina, domin kowannensu da tasa gaskiyar, kuma irin wannan gardama ana yin ta kullum a shagunan titin Beirut a Kano da duk inda ake sayar da kwamfuta ta hannu.

Bari in fara da ƙanena, domin abin da aka gaya masa game da ramin ba ƙarya ba ne. Wanda ya riski kwamfutocin ƙarshen shekarun 1990 zai tuna ramin AGP, wanda Intel ya fito da shi, ya shiga kasuwa a 1997. Wannan rami ya wahalar da masu gyara. Zubinsa na farko da wutar bolt 3.3 yake aiki, na bayansa da 1.5, tsagar katunan ma ta bambanta, kuma in aka yi rashin sa'a kati ya shiga inda bai dace ba, ana iya ƙona bod ɗungurungum. Dattijon nan a wancan zamani ya koyi tsoro, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai ramin da ya gaje shi, PCI Express, wanda ya soma bayyana a kwamfutoci a 2004, da wata niyya aka gina shi. Tun daga lokacin har yau siffar dogon ramin nan mai layi 16 ba ta sauya ba. Saurinsa kawai ake ninkawa. A zubin farko kowane layi yana ɗaukar megabait 250 a sakan. Zubi na biyu, na 2007, ya kai 500. Na uku, na 2010, ya kusa gigabait ɗaya, na huɗu a 2017 ya kusa biyu, na biyar a 2019 ya kusa huɗu. Da an kunna kwamfuta, kati da bod sukan yi 'yar gaisuwa tsakaninsu, kowa ya faɗi iyakar gudunsa, sai su daidaita a kan na mai rauni, kamar saurayi ya jera da kakansa zuwa masallaci ya rage taku. Saboda haka katin bana yana iya zama a ramin da ya girme shi da shekara goma sha wani abu, ya kuma yi aiki.

Masu cewa a soka kati suna da hujja ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Ramin kwamfutar ƙanena zubi na uku ne, domin furosesocin Intel na 2012 su ne suka fara zuwa da shi, kuma layi 16 na wannan zubi yana ɗaukar kusan gigabait 16 a sakan. Matsakaicin kati bai cika cinye wannan fili ba, saboda yawancin kayan aikinsa a cikin nasa ram yake ajiyewa, sai jefi-jefi yake aike ta ramin. Bambancin da ke tsakanin zubi na uku da na huɗu a kan irin wannan kati, sau da yawa ido ba ya ganinsa. Wato abin da mutane suka fi tsoro, tsufan ramin, shi ne mafi ƙanƙantar damuwa.

Sai batun aljihu, kuma a nan ne muryar ƙanena ta fi tashi. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk wani abu mai shigowa daga waje ya yi tashin gwauron zabo. "Tara kuɗi ka sayi wata" magana ce mai daɗin faɗa, amma sabuwar kwamfuta ba a sayenta gutsure-gutsure. Sabuwar furosesa ba ta zama a tsohon bod, sabon bod ba ya karɓar tsohon ram na DDR3, kuma bayan an haɗa duk wannan, katin da ake gudun saye yana nan yana jira, domin mai tace bidiyo ba zai rabu da shi ba. Kati kuma ba ya bin kwamfuta kabari. Ranar da Allah ya hore wata, zare shi za a yi a mayar can. Mutumin da ke da bikin mutane uku a hannu, ana yi masa waya safe da yamma, ba zai rufe shago wata shida yana tara kuɗi ba.

Akwai ma katunan da kamar don irin waɗannan kwamfutoci aka yi su. GTX 750 Ti na 2014, GTX 1050 Ti na 2016, GTX 1650 na 2019, har da RTX 3050 mai gigabait 6 da ya fito a 2024, akasarinsu daga ramin kaɗai suke shan wuta, kuma ana samun gajerunsu masu shiga siririn akwati. Dukansu suna ɗauke da wani sashe da Nvidia ke kira NVENC, wanda aikinsa kawai matse bidiyo. Tun 2020 Premiere Pro, manhajar tace bidiyo, ya soma miƙa wa wannan sashe aikin fitar da bidiyo, ya sauke wa furosesa kayan da ya fi danne ta. Ga mai sana'ar ƙanena, wannan shi ne bambanci tsakanin kwana a shago da komawa gida bayan isha'i.

Yanzu ga dattijo. Bai yi dogon bayani ba. Tsinken tsintsiya ya zara, ya auna faɗin akwatin daga bod zuwa inda murfi ke rufewa, ya karya shi daidai nan, ya miƙa wa ƙanena. "Je ka ɗora wannan a kan katin da kake ciniki." Ba sai an je ba. RX 580 cikakken kati ne mai fanka biyu, tsinken ko kusa ba zai rufe faɗinsa ba. A wasu siraran kwamfutocin ma dogon ramin yana manne da fawa-fak, ta yadda ko gajeren kati ne, in yana da kauri, ba shi da wurin zama. Na taɓa ganin wanda ya yanke ƙarfen akwati da zarto, ya bar kwamfutar a buɗe kamar motar da aka cire wa bonet. Ta yi aiki, har zuwa hunturun farko da ƙura ta cika fankokin.

Daga nan ya juya fawa-fak ɗin ya nuna mana takardar da ke jikinsa: wat 240. Wannan ita ce babbar hujjarsa, kuma ita ce mutane suka fi rainawa. Dogon ramin PCI Express iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne. Katin da ya fi haka ci sai an ja masa waya ta daban daga fawa-fak, mai baki 6 ta ƙara 75, mai baki 8 ta ƙara 150. RX 580 kuwa wat 185 yake nema shi kaɗai. Kwamfutocin ofis irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk don rubutu da lissafi aka ƙera su, fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, kuma galibi ba su da wannan waya sam. A ce a sauya fawa-fak, sai a tarar da yawansu bakin da ke shiga bod na kamfanin ne shi kaɗai, na kasuwa ba ya shiga sai da wata mahaɗa, siffarsa ma ba ta zama a akwatin. A nan ne ake kawo 'yar wayar nan mai araha da ke jan wuta daga bakin SATA, wanda aka yi don had-dis, ta mayar da shi baki 6. Bakin SATA abin da zai iya ɗauka bai wuce wat hamsin da 'yan kai ba. A ɗora masa fiye da haka, sai ya yi zafi, roba ta narke. Dattijon ya jawo wata tsohuwar gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur, cike da irin waɗannan wayoyi, bakunansu sun yi baƙi sun ƙanƙance. Ya ce duk daga kwamfutocin mutane ya ciro su.

A ƙara da halin da muke ciki. Fawa-fak ɗin da ya shekara goma sha yana aiki ba shi da ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Wutarmu kuma ba ta da alƙibla, yanzu ta NEPA ce mai hawa da sauka, anjima ta janareto ce. A bazara zafi yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin siririn akwati da aka cusa wa abin da ke huci. Wanda ke kan sola da inbata shi ma ya yi lissafi: tsakanin kati mai cin 75 da mai cin 185 akwai wat 110, in aka yi awa takwas ana aiki mai nauyi ya kusa yunit guda, kuma daga batirin da ake lallaɓawa ya kai dare zai fita.

Ko an tsallake wuta da wuri, furosesa tana nan. Kati ba ya aiki sai abin da ta miƙo masa, in ta yi nawa sai ya zauna jiranta, kuɗin da aka zuba a kansa rabi yana barci. Abin bai tsaya a nawa ba. Akwai wani rukunin umarni da ake kira AVX2, wanda Intel ya fara sakawa a furosesocinsa zubi na huɗu, na 2013. Ta ƙanena zubi na uku ce, shekara ɗaya tak ta raba ta da shi. Sababbin fitowar Premiere Pro sun sa shi sharaɗi, wasu sababbin wasannin gem ma haka, kuma babu katin da zai cike wannan giɓi komai tsadarsa. Windows 10 kuma Microsoft ya janye masa tallafi ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance daga furosesa zubi na takwas yake karɓa. A taƙaice ƙofofi suna rufuwa a bayan tsohuwar ɗaya bayan ɗaya. Sannan ga waɗanda suka girme ta, masu tsohon BIOS tun kafin UEFI ya zama ruwan dare, akwai waɗanda in an soka musu sabon kati fanka za ta juya, monita kuwa baƙi ƙirin.

Wani abu da ya ba ni mamaki da na bi diddigi shi ne, tarkon ya fi yawa a cikin sababbin katuna masu araha, waɗanda su ne mai tsohuwar kwamfuta zai fara kai wa hannu. RX 6500 XT da RX 6400, da AMD ya fitar a 2022, a ido dogayen haƙora gare su kamar kowa, amma layi 4 kacal aka haɗa musu. A sabon bod mai zubi na huɗu wannan ya ishe su. A zubi na uku sai filin ya koma kusan gigabait 4, a na biyu ya koma 2, kuma tunda ram ɗinsu gigabait 4 ne, da ya cika sai su koma safara ta wannan ƙuntatacciyar hanya. A nan kam tsufan ramin yana cizo. Kuma su biyun ba su da sashen matse bidiyo, don haka mai tace fim bai ƙaru da abin da ya je nema ba. GT 1030 shi ma ba shi da NVENC, ga shi iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4 wanda ya fi shi rauni nesa ba kusa ba. Katunan Arc na Intel kuma suna dogara da wata dabara mai suna Resizable BAR, wadda tsofaffin bod ba su san da ita ba, in babu ita sai su yi ta ɗingishi.

Kasuwar kanta sai da taka-tsantsan. Da kuɗin kirifto na Ethereum ya daina amfani da haƙar kati a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya, RX 580 na cikin waɗanda suka fi yawa. Wasunsu lafiyarsu ƙalau, wasu fankokinsu sun gaji, wasu an sauya musu manhajar ciki don haƙa ba a mayar ba. Ga kuma jabu. Wannan ni kaina ya taɓa ci na. Na sayi kati a kwali mai sheƙi, an rubuta GTX 1050 Ti, farashi kamar an tsinta. Windows ma sunan da ta nuna ke nan. Sai da wasa ya riƙa mutuwa ana tsaka da yi na buɗe 'yar manhajar nan GPU-Z, ta rubuta min jabu ne ɓaro-ɓaro, ashe tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya wa suna. Alamar tana bayansa tun farko ban kula ba: shuɗin bakin VGA. Katunan GTX na zubin 2016 zuwa sama sun daina fitar da hoton VGA da kansu. Wannan ma wani ƙarin kuɗi ne ga mai tsohon monita, domin 'yar mahaɗar DVI zuwa VGA da aka saba da ita ba za ta yi ba, sai mai juya hoton HDMI. Da na koma wa mai shagon, cewa ya yi haka shi ma aka kawo masa.

To wa ya fi gaskiya? Da na auna, kusan duk abin da dattijo ya lissafa hujja ce a kan babban kati da kuma katin da aka saya da ka. Ba su rushe ƙaramin kati da aka zaɓa da ido buɗe ba. Kuma yana kwatanta tsohuwar da wata kwamfuta da ƙanena ba shi da kuɗinta, alhali zaɓin da ke gabansa na gaske shi ne tsohuwa da kati ko tsohuwa haka nan. Ban kuma manta ba cewa a bayan dattijon akwai kwamfutoci jere a kanta suna jiran mai saye, ko da yake ban zarge shi da komai ba, gwangwanin madarar nan ba ƙarya ya yi ba. Kuskuren ƙanena shi ne ya ɗauka kati maganin kowace cuta ne, kuma mafi girma shi ne mafi kyau. Da ya bi son ransa, da garin neman ƙiba ya samo rama. Ashe ma rabin fizgar da yake kuka da ita daga tsohon had-dis ne da ram gigabait 8, abubuwan da gyaransu bai kai rabin kuɗin kati ba.

Abin da aka yi a ƙarshe, dattijon ne da kansa ya yi shi, yana yi yana mita. Ya sa SSD, ya ƙara ram ya kai 16, ya goge busasshen man da ke kan furosesa ya shafa sabo, sannan ya nemo gajeren GTX 1650 wanda ba ya neman waya. Ya bar kwamfutar tana aiki mai nauyi kusan awa guda, yana ɗora bayan hannunsa a kan fawa-fak lokaci-lokaci kamar mai duba zazzaɓin yaro. Yanzu ƙanena yana fitar da bidiyon biki ya rufe shago da wuri. Bidiyon 4K har gobe yana yi masa tsalle in ya jibga masa kwalliya, sai ya yi ƙaramin kwafi ya tace da shi, kuma ya maƙale a tsohuwar fitowar Premiere, ba shi da halin matsawa gaba. Dattijon ya ce masa, "Shekara biyu na ara maka, ɗana, ba fiye ba." Ƙanena ya ce, "Baba, su nake nema."

Hukuncina ke nan: in kwamfutarka daga zubi na uku na Intel ne zuwa sama, musamman na huɗu, kuma aikinka da ita kake ci, soka mata kati, amma wanda ramin kaɗai zai ciyar, mai layi 16 ko aƙalla 8, wanda kuma za ka so ka tafi da shi kwamfuta ta gaba. In ta girmi haka, ko kuwa sai an yanke ƙarfe an ja wuta daga bakin SATA kafin katin ya zauna, dattijo ya fi ka gaskiya, ka riƙe kuɗinka. Kuma kada ka biya a kan kwali. Ɗauki kwamfutar taka ka kai shagon, a soka katin a gabanka, a buɗe GPU-Z ka karanta da idonka, a ɗora irin aikin da kake yi na rabin awa, sannan ka ƙirga kuɗi.